Darasi na 14: Kayan da Ba Ya Cikin Jinga

Karatu: Fitowa 18:13-26, Galatiyawa 6:1-5, Markus 15:21.
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2.

Ga mai bi da darasi: A karanta wuraren nan uku da murya tun ba a fara bayani ba. In akwai wanda ya kama sabon aiki a cikin ƙungiyar, kada a nuna shi da yatsa. A bar shi ya yi magana in ya so.

GABATARWA

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, a kowace ekklisiya ta garin Jos akwai samari da 'yan mata waɗanda suka gama makaranta, suka yi hidimar ƙasa, suka yi ta yawo da takardunsu daga wannan ofis zuwa wancan, har ran nan Allah ya buɗe musu ƙofa. Mu kan tashi mu yi godiya tare da su ran Lahadi, mu yi waƙa, mu ba da baiko. Amma kaɗan ne daga cikinmu su kan koma bayan wata uku su tambaye su yadda aikin ya ke. In ma an tambaya, amsa ɗaya a ke samu: "Aiki da godiya." Darasinmu na yau a kan abin da ke ɓoye a bayan wannan amsa ne.

Jos gari ne na masu neman aiki tun farkonsa, gama kuza ce ta tara mutane a kan wannan tudu. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma daga Kafanchan ya iso a 1927. Kamfanonin haƙar kuza suna bukatar leburori dubbai, suna kuma bukatar akawu da za su rubuta sunayen leburorin, su ƙirga kwanakinsu, su biya su. Da fari yawancin akawun nan daga Kudu su ke, daga baya 'ya'yan ƙasar nan da suka yi karatu a makarantun mishan, irin su Gindiri wadda aka buɗe a 1934, suka fara zama a bayan tebur. A 1967 Jos ta zama babban birnin Jihar Binuwai da Filato, a 1976 kuma na Jihar Filato, ofisoshin gwamnati suka yawaita. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, keken rubutu ya ba kwamfuta wuri, amma faɗuwar gaban sabon shiga a ranarsa ta fari tana nan yadda ta ke.

LABARIN WANI SAURAYI

Akwai wani saurayi da ya kan taimake ni ran Asabar wajen duba fassarar Littafi Mai Tsarki cikin harshen mutanensa. Ɗan manomi ne daga wani ƙauye a gefen Bokkos, inda a ke noman dankalin Turawa. Ubansa ya sayar da amfanin gona shekara da shekaru domin karatunsa. Da ya sami aiki a wani ofis a cikin gari, aka ce masa aikinsa shi ne buga wasiƙu a kwamfuta da ajiyar fayil. Asabar biyar suka wuce ban gan shi ba. A ta shida ya zo da magariba, cikin sanyin hunturu, ya zauna bai ko taɓa shayin da aka kawo masa ba.

Na ce masa, "Ɗana, lafiya?"

Ya ce, "Baba, an ɗauke ni aikin mutum ɗaya, ga shi ina yin na huɗu. Masinja ya bar aiki, ni ne masinja. Mai riƙon littafin kuɗi ta tafi haihuwa, aka miƙa mini littafin, ban kuwa taɓa koyonsa ba. In wuta ta ɗauke, ni ke neman man janareto. In yaran maigida sun tashi daga makaranta, ni ke ɗauko su. Na kan bar Tudun Wada kafin gari ya waye, ba na komawa sai dare ya yi. Na daina zuwa koyon waƙa. In na buɗe Littafi da dare barci ke kwashe ni. A gida kuwa kowa yana jiran albashina. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa ban iya ba."

Ya yi shiru, sa'an nan ya fito da abin da ya kawo shi. An kawo masa rasit na kayan da aka ce an shigar sito, aka ce ya sa hannu a kan ya karɓa. Shi kuwa bai ga kayan ba, ya kuma leƙa sito bai same su ba. An ba shi zuwa ran Litinin.

Duka wannan a wurinsa kaya ɗaya ne mai danne shi. Amma da muka buɗe Maganar Allah muka ga kaya iri uku ne aka ɗaure masa a ƙunshi guda, kowane kuwa da abin da Ubangiji ya ke so a yi da shi.

I. KAYAN DA ZA KA ƊAUKA

Ku dubi Markus 15:21. Saminu Bakurane, mutumin wani birni a ƙasar da a ke kira Libiya a yau, yana shigowa Urushalima daga ƙauye, yana kan sha'anin kansa, sai sojan Roma suka tare shi suka ɗora masa gicciyen Yesu. Kalmar Helenanci da Markus ya yi amfani da ita domin wannan tilastawa asalinta daga Farisa ne, inda manzannin sarki su ke da iko su kama mutum ko dabbarsa domin saƙon sarki ya wuce. Ita ce kuma kalmar da ke cikin Matta 5:41, inda Ubangijinmu ya koya wa almajiransa su ƙara mil na biyu a kan wanda aka tilasta musu. Mil na Romawa taki dubu ne, wajen kilomita ɗaya da rabi.

Mutanen wannan tudu sun san tilas. A 1942, da Japan ta ci ƙasar Malaya inda Ingila ke samun yawancin kuzarta, gwamnatin mulkin mallaka ta kwaso maza daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza na Filato, aka yi ta haka har 1944. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su nesa da gida. Wannan zalunci ne, Allah kuwa ya gani. Yesu bai ce tilastawar sojan Roma daidai ce ba. Abin da ya koya shi ne, mai bi yana da wani 'yanci wanda mai tilasta masa ba ya iya ƙwacewa, wato 'yancin bayarwa da yardar rai saboda Ubangiji.

Aiken ofis bai kai ko kusa da wancan ba. Duk da haka zuciya ta kan yi gunaguni ta ce, "Ni mai digiri ne, a aike ni sayen mai?" A nan sai mu bincika kanmu, ko nauyin aikin ne ya dame mu, ko kuwa girman kai. Yusufu ɗan gata ne a gidan ubansa, ya zama bawa a gidan Fotifar, ya riƙe ƙananan ayyuka da aminci har aka danƙa masa gidan duka. A can ya koyi lissafin hatsi da sarrafa ma'aikata, abin da ya bukata daga baya sa'ad da abincin Masar duka ya koma hannunsa. Saminu kuma, Markus ya ambaci 'ya'yansa biyu da suna, Iskandari da Rufas, kamar mutanen da masu karatunsa suka sani. Kayan da bai yi shirin ɗauka ba ya kai shi kusa da Mai Ceto fiye da dukan taron da ke kallo.

Saboda haka na ce wa saurayin, littafin kuɗin nan da aka miƙa masa kada ya gan shi kamar hukunci. Ya nemi wanda ya iya, ya ce a nuna masa, gama matambayi ba ya ɓata. Sabon ma'aikaci wanda ya ce "ban sani ba, a koya mini" a watansa na fari ya fi wanda ya ɓoye rashin saninsa har kuskure ya tone shi a wata na shida.

II. KAYAN DA ZA A RABA

Yanzu ku koma Fitowa 18. Musa ya zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, mutane suna tsaye kewaye da shi suna jira. Allah ya kira shi ya fito da Isra'ila daga Masar, ga shi kuma ya zama alƙalin kowace ƙaramar gardama a zango. Bai yi ƙorafi ba. Surukinsa Yetro, firist na Madayana, shi ne ya zauna ya duba yini guda, sa'an nan ya gaya masa a fili wannan hanya ba ta da kyau.

Akwai kalmomi biyu na Ibrananci a aya ta 18 da ya kamata mu lura da su. Ta fari, wadda a ke fassarawa da gajiya, ita ce a kan faɗa a kan ganye in ya yi yaushi ya bushe. Yetro yana faɗakar da Musa zai yanƙwane kamar ganyen da aka tsinke, jama'ar da ke jiransa kuma za su yanƙwane tare da shi. Ta biyu ita ce kabed, wato mai nauyi. Ita ce kuma ke cikin sura ta 17 aya ta 12, inda hannuwan Musa suka yi nauyi a kan tudu lokacin yaƙi da Amalekawa, har Haruna da Hur suka kawo dutse ya zauna, suka tallafi hannuwansa zuwa faɗuwar rana. Sau biyu ke nan a surori biyu a jere Allah ya nuna wa babban bawansa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Musa bai ce, "Ni ne na yi magana da Allah, wane ne kai?" Ya saurara, ya zaɓi mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, waɗanda ba su karɓar hanci, ya sa su a kan dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. Manyan matsaloli su kan zo wurinsa, ƙanana su ƙare a wurinsu. In Musa bai ji kunyar yarda cewa kaya ya fi ƙarfinsa ba, don me ɗan wata uku a ofis zai ji?

Manzo Bulus ya bayyana wannan a Galatiyawa 6. Masu karatu da yawa su kan yi tuntuɓe a nan, gama aya ta 2 tana umurtarmu mu taya juna ɗaukar kaya, aya ta 5 kuwa tana cewa kowa da nasa. Ba saɓani a ciki, domin kalmomi biyu ne dabam a Helenanci. Ta aya ta 2, baros, nauyi ne mai danne mutum. Ta aya ta 5, fortiyon, kaya ne da aka ƙayyade wa mai ɗauka, kamar lodin da a ke yi wa jirgin ruwa gwargwadon girmansa. Ku je kasuwar Farin Gada ku ga 'yan dako. Kowannensu ya kan ɗauki kwandonsa na tumatir ya yi gaba, ba ya neman taimako. Amma in babban buhu ne, sai ya kira ɗan'uwansa ya ɗora masa, ko su kama shi su biyu. Ba wanda ya kan ce masa rago.

Ga abin da muka shirya da saurayin nan. Ya sami ƙaramin littafi ya rubuta kowane aiki da aka ba shi cikin mako, da lokacin da ya ci. Sa'an nan ya nemi sa'ar da maigidansa ba ya cikin fushi ko hanzari, ya tafi da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ayyukan da ke hannuna. Ina so in yi su da kyau, amma yini ba ya isa. Wanne za ka so in fara da shi, wanne kuma zai jira?" Sau da yawa shugaba ba mugu ba ne. Yana ba da aiki ɗaya ɗaya, bai taɓa ganinsu a tare a kan takarda guda ba.

Ku sani kuma neman hakki da ladabi ba tawaye ba ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci, na aikin hannu ko na akawu, ya ba shi takarda kafin wata uku su cika, wadda ta bayyana irin aikinsa da albashinsa da lokutan aikinsa. Ta kuma ba ma'aikaci hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai. Tun kafin wannan doka, Allah ya ba da Asabaci, ya kuma ambaci bara da baranya da dabba a cikin umurnin, domin ya san wanda ke ƙasa ba shi da bakin neman hutu. Bulus kansa ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Roma a Filibi da Urushalima, bai kuwa yi zunubi ba.

III. KAYAN DA ZA KA ƘI

Saura rasit. Wannan kaya ba na ɗauka ba ne, ba kuma na rabawa ba. Sa hannu shaida ce. Wanda ya sa hannu a kan ya karɓi abin da bai gani ba ya yi shaidar zur, ko da alƙalami ne ya yi ta. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sunan da ke kan takarda shi za a kira, wanda ya ba da umurni da baki kuwa ba za a ga sawunsa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin tausayi shi ne, gajiyayyen ma'aikaci ya fi saurin faɗawa cikin wannan rami, gama wanda ya saba cewa "to" ga kowane aike, bakinsa ya kan manta yadda a ke cewa "a'a". Don haka ne ya wajaba a rarrabe kayan nan uku tun da wuri.

Ku tuna da Daniyel a sura ta 6. Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120, ya sa mutum uku a kansu domin kada dukiyar sarki ta salwanta, Daniyel yana ɗaya daga cikin ukun. Aikin lissafi ke nan. Maƙiyansa suka tone aikinsa suna neman ha'inci ko sakaci, ba su samu ba. Mutumin da ke riƙe da sha'anin babbar daula ya kan durƙusa sau uku a yini, ya kuma ci gaba da haka sa'ad da aka hana. Daga can ƙarfinsa na ƙi ya fito.

Ba zan ruɗe ku in ce mai ƙin mugunta kullum ya kan sami lada nan da nan ba. Yusufu ya ƙi matar maigidansa, ya rasa aikinsa, ya shiga kurkuku. Yana da shekara 17 sa'ad da wahalarsa ta fara, yana da 30 sa'ad da ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 ba kwana 13 ba ne. Amma Farawa 39 ta maimaita mana cewa Ubangiji yana tare da shi, a gidan Fotifar da cikin kurkuku duka.

Ran Litinin saurayin ya tafi ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi mini aikin gafara. In an kawo kayan na ƙirga su, zan sa hannu nan take. Amma ba zan iya shaidar abin da idona bai gani ba." Bai zargi kowa da sata ba, bai ɗaga murya ba. Aka karɓe takardar daga hannunsa. Mako uku maigidan bai amsa gaisuwarsa ba. Batun ɗauko yara daga makaranta an ɗauke masa, an kuma sami sabon masinja. Amma takardar tabbatar da aikinsa, wadda ya kamata ta fito, an riƙe ta, har yanzu kuwa yana jira. Ya komo wurin duba fassara ran Asabar, ya komo cikin mawaƙa. Ya ce mini yana barci yanzu. Ina roƙonku ku tuna da shi cikin addu'a, da irinsa masu yawa.

MAGANA GA SAURANMU

Iyaye, ɗanku da ya kama aiki a birni bai zama rijiya ba. Ku tambaye shi nawa ne albashinsa, nawa ne kuɗin haya da na mota, kafin ku aika masa da jerin bukatu. Yaro da yawa ya sa hannu a takardar ƙarya domin yana tsoron komawa ƙauye hannu wofi.

Ku da ke shugabanni a ofisoshi, kuna zaune a kujerun gaba ran Lahadi, ku karanta Kolosiyawa 4:1, ku tuna kuna da Maigida a sama. Yaron da ke ƙarƙashinku ran Litinin ɗan'uwanku ne a teburin Jibin Ubangiji.

Dattawan ekklisiya da zumuntar mata, a cikinku akwai tsofaffin akawu da ma'aji da malaman asibiti da suka yi ritaya, suna da sanin shekara talatin a kansu. Ku zama Yetro ga wani. Ku je ku duba, ku tambaya, ku faɗi gaskiya cikin ƙauna. Kada kuma ekklisiya ta ƙara wa gajiyayye kaya, ta naɗa shi magatakardan ƙungiya uku don kawai ya iya kwamfuta.

Kai kuma da ke cikin wannan hali yau, karanta Matta 11:28-30 kafin ka kwanta. Kalmar da Yesu ya kira nasa kaya da ita a can, ita ce fortiyon, kayan da aka auna daidai da mai ɗauka. Wanda ya ɗauki nauyin zunubinka a kan gicciye ya san iyakar ƙarfin wuyanka.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya hana Musa ganin matsalarsa da kansa, har sai da baƙo ya nuna masa?
2. Yaya za ka bambanta aikin da girman kai ke hana ka yi da aikin da ya fi ƙarfinka da gaske?
3. Wane bambanci ke tsakanin kayan aya ta 2 da na aya ta 5 a Galatiyawa 6? Ku kawo misali daga gona ko kasuwa ko ofis.
4. In ɗan'uwa ya rasa aikinsa domin ya ƙi sa hannu a kan ƙarya, mene ne ya wajaba a kan wannan ƙungiya ta yi masa, ban da addu'a?
5. Wane sabon ma'aikaci ne za ka ziyarta cikin wannan mako?

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, Ubanmu na sama, muna yi maka godiya domin aikin da ka ba 'ya'yanmu. Ka dubi waɗanda kaya ya danne su suna kuwa jin kunyar faɗi. Ka ba su tawali'u su ɗauki abin da ke nasu, ka ba su baki su nemi taimako, ka ba su ƙarfin hali su ƙi abin da zai ɓata sunanka. Ka tausasa zukatan shugabanninsu. Ka buɗe idanunmu mu ga ɗan'uwan da hannuwansa suka yi nauyi, mu matsa kusa mu tallafe shi. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.